Muryar Trefor Ba Ta Cikin Tef

Zuwa ga yayana Emrys,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali a can Kanada, Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan taka. Mu nan ƙauye ruwa bai ɗauke ba tun da aka shiga wata, tumakin maƙwabta sun sake karya mini shinge. Carys 'yata tana Cardiff, takan kira ni ran Lahadi in ta tuna. Gidan ya yi mini girma tun da mijina Trefor ya rasu.

Dalilin rubuto maka, kamfanin da ya saye waƙoƙin ƙungiyarku zai sake fitar da waƙar nan taku ta jirgin ƙasa, wadda kuka ɗauka a rumbun gonar Pritchard lokacin muna da sauran gashi. Sun tono tef na asali, suka gayyace ni in ji, tunda mijina ne ya kaɗa ganguna. Kai sun ce ka yi nisa. Ka tuna ranar? Kai da jitarka kana ta faɗa da kowa, ni ina bayan gilashi da butar shayi. Kafin Trefor ya ƙirga muku ku fara, ya leƙo ya ce in daina hararsa, in ba haka ba zai auri gangar ya bar ni da kai. Duk kuka fashe da dariya, injin ɗaukar sauti kuwa yana juyawa, na gani da idona.

Yaya, ba waƙar ce ta kai ni ba, na ji ta har ta ishe ni. Wannan maganar na je nema. Makaɗin ganga ba ya rera waƙa, Trefor kuma ko saƙon murya a waya bai taɓa bari ba, wai ba ya magana da inji. Ba ni da muryarsa ko'ina.

Matar da ke aikin ta ce tef ɗin ya tsufa ya manne, sai da suka gasa shi a tanda kamar burodi, kuma da ƙyar zai jure juyi ɗaya. Na zauna, na riƙe jakata. Tana kunnawa sai ganga kawai ta faɗo, babu dariya, babu ƙirga. Na ce ta koma baya. Sai ta ɗaga zaren ta nuna mini wurin da aka liƙe. Ta ce ai haka ake yi a wancan zamani, da an samu ɗaukar da ta yi kyau sai a sa reza a yanke surutun farko, a zubar a kwandon shara. Ta ma yaba wa wanda ya yanke, wai hannunsa da tsabta. Baiwar Allah, ina ruwanta.

A motar dawowa na yi ta ƙoƙarin jin muryarsa a kaina, wallahi ta ƙi zuwa. Maganar tana nan, amma da muryata nake jin ta. Abin ya tsorata ni.

Kai ne ka iya kwaikwayonsa, har yakan jefe ka da sandar kiɗa. Don Allah ka kira ni, kada ma ka tsaya gaisuwa, ka faɗa mini maganar nan yadda ya faɗe ta. Ko ba ta yi daidai ba, ba zan gane ba.

Ka gaishe mini da Nerys matarka, da Huw da yaransa, da ƙaramar yarinyar nan Mali.

Ƙanwarka da ke jiran waya,
Gwenda