Na Koyar da Lissafi a Ƙofar Shagon Kawu

Anti, don girman Allah ki ba ni shawara. Mako biyu ke nan na rasa abin yi: in ci gaba da murnata ne, ko in je in durƙusa in ba da haƙuri?

Ni malamar firamare ce, aji huɗu, yara saba'in da shida a ɗaki ɗaya, ga titi a bayan taga. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaga murya, har maƙogwarona ya gaji. Likita ya leƙa ya ce in na ci gaba da ihu, muryar tafiya za ta yi gaba ɗaya. Hedimasta kuma ya fara zancen mayar da ni ofis in riƙa jera fayil. Ni da fayil! Wallahi gara a sallame ni.

Shi ne maigidana ya ce mu sayi 'yar lasifikar nan da ake ɗaurawa a ƙugu, mai makirfo a gefen baki. Kawunsa, ƙanen mahaifiyarsa, yana da shagon kayan sauti, to wurin wa za mu je? Kawu da kansa ya zaɓa mini, ya rubuta garantin wata shida, ya buga hatimi.

Wata biyu lafiya lau. Daga nan sai ta ɓullo da hali. In na fara darasi tana fita tar, amma da an yi minti ashirin sai ta yi zafi a ƙuguna, ta fara shaƙewa kamar mai mura, sai ɗif. Sauran darasin da maƙogwarona nake ƙarasawa. In na dawo gida ko sallama ba na iya amsawa.

Sau uku ina mayar wa Kawu da ita. Kullum abu ɗaya ne: ya kunna, ya hura makirfo, ya ƙirga ɗaya, biyu, ya miƙo mini yana murmushi, wai lafiyarta ƙalau, ni ce ban iya caji ba. Na yi bayanin minti ashirin ɗin har na gaji, ko a jikinsa. Maigida ya ce mu haƙura kada a ɓata zumunci. Garanti kuma saura kwana biyar.

Ranar Asabar na ɗauki ƙaramin allo da alli na tafi. Na gaida Kawu har ƙasa, na ce ba faɗa ya kawo ni ba, gwaji za mu yi irin na aikina. Na ajiye agogo a kan kantarsa, na tsaya a ƙofar shago na fara koyar da rabawa. Da farko dariya yake. Can sai mai gyaran takalmi na gefe ya matso, wata mata da ke zaɓen rediyo ta juyo, masu wucewa suka tsaya suna ba da amsa. Har da wani dattijo mai ɗaga hannu! Minti ashirin da uku, ina tsakiyar raba arba'in da bakwai gida biyar, lasifikar ta shaƙe ta mutu. Na kwance ta na ɗora a tafin hannun Kawu, saura kaɗan ya yar da ita don zafi. Ya shiga ciki ya fito da sabuwa a kwalinta. Mutane suka ɗauki tafi.

Anti, ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Yanzu ina gama darasi da muryata, Hedimasta ya yi shiru da zancen ofis. Amma surukata ta ɗauke mini wuta, wai na tara wa ƙanenta jama'a na kunyata shi. Maigida a gabanta ya haɗe rai, a ɗaki kuma yana sa ni maimaita labarin yana dariya har da hawaye. Suna so in ba Kawu haƙuri. Ni kuwa ban yi nadama ba, kuma ba na son yin ƙarya.

Taki,
Malamar aji huɗu

AMSA

Malama, sannu da aiki, kuma barka. Ba ki zagi kowa ba, ba ki nemi abin da ba naki ba. Alkawari ne Kawu ya rubuta da hannunsa, kin je sau uku cikin ladabi kafin ki ɗauki allo.

Amma ki duba ɓangarensa. Ba na jin ya yi niyyar cutar ki. Mai shago a minti ɗaya yake gwada kaya, haka ya saba, ke kuma minti arba'in kike aiki da su. Laifinsa shi ne ƙin sauraro, don yana ganin matar ɗansa ce, ba mai saye ba. Kuma da gaskiya ta fito bai yi gardama ba. Dattijo a gaban maƙwabtansa na kasuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, shi ne kuma abin da ke ci wa yayarsa rai.

Don haka ki je, ke da maigidanki, lokacin da shagon babu mutane. Godiya za ki kai, ba tuba ba. Ki ce masa ba ki so abin ya kai ga taro ba, wannan gaskiya ce, ba sai kin yi ƙarya ba. Kafin ki tashi ki roƙe shi ya rubuta miki sabuwar takardar garanti mai lambar sabuwar lasifikar da kwanan wata, ki ɗauki hotonta a waya.

Ita kuwa surukarki, ɗanta ne zai yi mata bayani. Tunda ya iya dariya a ɗaki, ya iya gaya wa mahaifiyarsa abin da likita ya faɗa. Kada ki ja da kowa, kada ki ɓata muryarki wajen kare kanki. Yara saba'in da shida ne ke jiran ta ranar Litinin.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya bar ki a ajinki.