Sau Uku Kotu Ta Kira Yayana, Ni Na Ɓoye Masa

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi da duk mai karantawa. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku bari in kai ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni.

Ni malamar firamare ce, ina zaune a unguwar Badariya cikin Birnin Kebbi. Yayana, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, manomin shinkafa ne a fadamar Argungu. Bara da rani suka yi cacar baki da maƙwabcin gonarsa a kan wanda zai fara jan ruwa, mutumin nan ya ɗaga adda ya sare shi a hannun dama, jijiya ta tsinke. Yau Yaya ko lauje ba ya iya riƙewa, da hagu yake cin tuwo yana jin kunya. Aka kama mutumin, maganar ta zo kotu a nan Birnin Kebbi. Da ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya nemi lambar waya, sai Yaya ya ce, “Rubuta ta ƙanwata, ita ce mai boko, kuma ita ke kusa da ku. Abin da kuka faɗa mata, ni kuka faɗa wa.”

Kafin ranar zaman farko sai ga Baffa, ƙanen mahaifinmu, har gidana. A gidanmu idan Baffa ya yi magana an gama, ko ɗaurin aure ko rabon gado shi ne bakinmu. Ya ce, “Ɗiyata, wagga magana ta gida ce. Tun kakanni muke shan ruwa ɗaya da mutanen nan. Sun yi mini alkawari za su zo da dattawa su durƙusa gaban yayanki, kuma su noma masa gonarsa har ya warke. In ya tsaya gaban alƙali da zafin zuciyar nan tasa, sulhu ya lalace. In sun kira, ki yi shiru kawai, ni zan je.” Na ce, “Baffa, ai shi aka sara, ba a tambaye shi ba?” Ya dube ni ya ce, “Yanzu boko ya kai ki ga yi mini gardama?” Na sunkuyar da kai. Wallahi tallahi na ɗauka alheri nake yi.

Baffa ya je kotu ya ce wanda aka sara ya yafe. Alƙali bai karɓa ba, ya ce yafiya ta mai rauni ce, sai ya ji daga bakinsa, aka ɗage zama. Mai gabatar da ƙara ya kira ni, na ce Yaya ba shi da lafiya. Ya sake kira, na ce ya yi tafiya. Na uku ma takarda aka kawo mini har makaranta, na sa hannu na karɓa, na cusa ta ƙarƙashin littattafan ɗalibai. Wace irin ƙanwa ce ni? Duk ranar Asabar in na je Argungu sai ya tarye ni da, “Auta, har yanzu ba su kira ba?” In ce masa, “Ka san kotu da jan ƙafa.” Sai ya zaunar da ni yana bitar abin da zai gaya wa alƙali, yadda ya juya baya zai buɗe ruwa, yadda ya ji saran kafin ya ga addar. Yakan ce shi ba ɗauri ne damuwarsa ba, so yake ya faɗa da bakinsa a gaban mutumin, a rubuta.

Daga baya aka kori ƙarar saboda mai ƙorafi bai bayyana ba, aka sallami mutumin. Na jira dattawa. Wata ɗaya, wata biyu, ko kare bai leƙo ba. Gonar Yaya ciyawa ta cinye ta. Sai matar Yaya ke ba ni labari, ita ba ta san komai ba, wai Baffa da mahaifin mutumin sun haɗa gonar albasa bana, injin ban ruwa ɗaya suke amfani da shi. Innalillahi! Na tafi na same shi a zaure na ce, “Baffa, ina alkawarin?” Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, “Wane alkawari? Ni na ce ki yi ƙarya? Lambar wa aka rubuta? Wa ya sa hannu ga takarda?” Mutumin da nake durƙusa wa in gaishe shi, ashe ni ya zaɓa don ya san ba zan iya ce masa a'a ba. Ya ci amanata, ya sa na ci ta wanda ya ciyar da ni. Wallahi yanzu ko muryarsa ba na son ji.

Na tattara kunyata na je wurin mai gabatar da ƙarar na gaya masa gaskiya. Ya ce korar ƙara aka yi, ba wanke mutumin aka yi ba, ana iya neman a dawo da ita. Amma dole Yaya ya zo da kansa, kuma dole a bayyana dalilin da ya hana shi zuwa sau uku. Dalilin kuwa ni ce.

In na yi shiru, Yaya zai mutu yana zaton hukuma ce ta wofintar da shi, ni kuma in ci gaba da zama ƙanwar kirki. In na faɗa, zai samu ranarsa a gaban alƙali, amma ban san ko zai ƙara kirana Auta ba. Asabar mai zuwa zan je Argungu, kuma takardar kotun da na ɓoye tana cikin jakata.

Jama'a, don Allah, me zan yi?