Wanne Ƙaltume Ta Shayar?

Maamobi, Accra
3 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Fuseina,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da yara da mutanen Kumasi duka. Yaya gwiwar? Ni dai ga ni, ƙafa ta ƙi, amma hannu yana iya riƙe biro.

Fuseina, na yi ɓarna da bakina. Kin san Shamima, autar marigayiya 'yata Ƙaltume. Jalilu, ƙaramin ɗan marigayi Moro maƙwabcinmu, shi ke nemanta. Ranar da danginsa suka kawo goron gaisuwa, ana cikin raha, sai na tuna cewa lokacin da matar Moro ta kwanta asibiti, Ƙaltume ta shayar da jaririnta har wata biyu. Na faɗa a gaban kowa. Aka tambaye ni wanne daga cikin 'ya'yan Moro, Jalilu ko wansa Abdulƙarim. Na ce ban tuna ba.

Liman ya ce idan Jalilu ne, shi da Shamima wa da ƙanwa ne, babu aure har abada. Idan wansa ne, babu komai. Matan biyu sun rasu, ni kaɗai na rage a gidan nan cikin waɗanda suka gani. Aka mayar da goro. Yau sati uku ba wanda ya leƙo ɗakina sai mai kawo mini koko, ita ma a bakin ƙofa take ajiyewa.

Kin zo Accra a waɗancan shekarun. Don Allah duk abin da kika tuna, komai ƙanƙantarsa, ki aiko mini.

Ki gai da kowa.
Yayanki, Iddrisu

Maamobi, Accra
21 ga Maris

Ƙanwata Fuseina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonki ya iso. Kin ba da haƙuri cewa ba ki tuna sunan jaririn ba, sai dai kin ga Ƙaltume da jarirai biyu a cinya, nata da na matar Moro, lokacin da kika zo arba'in ɗin ɗanta na fari, Husseini. Da na karanta ban ga amfaninsa ba. Allah ya yafe mini.

Ranar Asabar Shamima ta zo da kanta, ta rame, ga kwamfutarta ta ofis a jaka. A ciki akwai mataimakin nan da suke kira AI, wanda ake yi wa magana ya amsa. Ta ce in ba shi labarin gidajen biyu yadda ya zo mini. Na yi ta zuba, shi kuma ya mayar mini da dogon rubutu wanda ya fi kaina rikicewa. Sai ta ce in dakata. Ta buɗe wata manhaja ta zane, ta haɗa su biyun, ta ba shi izinin yin zane a ciki. Da na sake magana, sai ga akwatuna suna fitowa da kansu, kowanne da suna, layi yana bi daga uwa zuwa ɗa. Shekara talatin na yi ina akawu a gidan waya, ban taɓa ganin magatakarda mai saurin hannu haka ba.

Amma yana da wauta. Da yake kowa ɗana nake ce masa, sai ya zana mini 'ya'ya goma sha huɗu, har da mai gyaran famfo. Nan Shamima ta yi dariya, ta sa ya gyara. Ta ce masa layin nono ya zama ja, daban da na haihuwa.

Sai ya nemi shekarar haihuwar kowa, ya jera su. Shamima ta karanta masa saƙonki. Ya sa jan layin daidai shekarar Husseini, alif ɗari tara da casa'in da ɗaya. Fuseina, da idona na gani. Akwatin Abdulƙarim yana nan kusa da na Husseini, wata ɗaya tsakaninsu. Na Jalilu yana can ƙasa, shekara huɗu bayan haka. Sau ɗaya matar Moro ta yi wannan jinyar, lokacin ba a ma haifi Jalilu ba.

Na ce ban yarda na'ura ta yanke hukuncin aure ba. Shi ma ya rubuta cewa zane kawai ya yi da abin da muka faɗa masa. Shamima ta buga zanen a takarda a wani shago da ke unguwar Circle, muka kai wa Liman a tasi. Ya kira Abdulƙarim da katin haihuwarsa, ya kira ki a waya kamar yadda kika sani, ya ce a dawo da goro.

A hanyar dawowa na roƙi yarinyar gafara. Ta ce da na ɓoye abin da na sani, da ba za ta ƙara yarda da maganata a kan komai ba, don haka ni take so in ba da aurenta. Na juya ina kallon masu talla ta taga don kada direba ya ga fuskata.

An sa rana, Lahadi ta biyu bayan ƙaramar Sallah. Ki shafa wa gwiwar nan mai, ki hau mota ki zo. Ba zan iya tsayuwa a masallaci ba, za a kawo mini kujera, amma muryata za ta kai.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.
Yayanki, Iddrisu Saaka