Gurnanin da Ke Cikin Motar Kawu

Malam mai shawara, don Allah ka taimake ni kafin ranar Asabar, domin tsokanata ta kai ni inda ban yi tsammani ba. Ka yi haƙuri da rubutuna, makarantar allo kaɗai na yi, bokon a jikin kwali da waya na tsince shi.

Faci nake yi a bakin titi. A gidanmu kuwa, in aka ga takalmi a cikin tukunya ko an ɗaure wa mai barci ƙafa da tabarma, ba a bincike, ni ake nema. Wanda ban taɓa samun sa'arsa ba shi ne Kawu. Mutum ne da ba ya dariya sai da dalili. Shi ke riƙe da tsohuwar motar kakanmu marigayi, kuma abu biyu kawai yake kunnawa a cikinta: labarai, sai wata hira da ya ɗauka a waya kafin tsohon ya rasu, yana ba da labarin zamanin da yake tuƙa babbar mota, da muryar nan tasa mai kauri.

Wata biyu da suka wuce wani abokina mai fasa tsofaffin motoci ya ba ni wufa, sifikar nan ƙatuwa da ke sa motar samari rawa. Ranar da Kawu ya bar mini motar in yi wa safaya faci, sai na cire tayar, na kwantar da wufar a raminta, na ja waya daga sifikar baya na haɗa, na mayar da katako da kafet. Burina Kawu ya kunna labarai a tsakiyar kasuwa, motar ta ɗauki rugugi, jama'a su waiwayo su ga dattijo da hula.

Ba haka aka yi ba. Ba ta yi rugugi ba, gurnani kawai take yi can ƙasa-ƙasa, kamar rago mai mura, shi ma sai mai magana ya kasance mai kakkaurar murya. Kawu ya ce motar ta samu matsala a baya. Makanikai uku ya kai wa. Abin da ya fi ba ni dariya, kowannensu da ya shiga, abu na farko da yake yi shi ne kashe rediyo don ya saurari ƙarar da kyau. Sai ƙara ta ɗauke. An canja salansa, an canja shokozoba, gurnani na nan. Ni kuwa ina gefe ina cizon leɓe.

Yanzu dariyar ta ƙare. Kawu ya ce ya gaji da motar da ba a san ciwonta ba, ya samu mai saye, ranar Asabar zai zo ya ɗauka.

Ga kuma abin da ya hana ni sukuni. Kakata, wadda kullum muke faɗan wasa, tana ce mini mijin da ba ya cefane, kunnenta ya yi nauyi shekara uku ke nan. Duk Alhamis Kawu yana kai ta asibiti duba gwiwa, a baya take zama. Shekaran jiya ta jawo ni ɗakinta, ta ce in an kunna hirar tsoho a motar, tana jin sa a bayanta da haƙarƙarinta, kamar lokacin da suke zama a benci ɗaya yana magana. Ta ce har wurin da yake tsayawa ya yi gyaran murya tana ganewa. Ta hana ni gaya wa Kawu, kada ya ce tsufa ne ya fara taɓa ta. Ba ta san ma ana shirin sayar da motar ba.

Malam, tambayata biyu ce. Ta farko, me ya sa wufar ta ƙi yin ƙara? Abokina ya ce sai da amfilifaya, wani kuma ya ce ƙarya ne, waya ce ban haɗa daidai ba. Ina son in sani, don in da gaske ne, ina tunanin ko in an sa mata, Kaka za ta ƙara jin tsohon sosai. Ta biyu, yaya zan yi da Kawu? In na yi shiru mota ta tafi. In na faɗa, ban san da wace fuska zan kalle shi ba.

Naka,
Mai faci ɗan tsokana

Ɗana mai faci,

Na yi dariya a kan makanikan nan, amma bari mu fara da tambayar da ta fi sauƙi. Abokinka ya fi gaskiya. Wutar da rediyon mota ke turawa an auna ta ne don ƙananan sifikun ƙofa. Wufa kuwa faifanta babba ne mai nauyi, tana buƙatar ƙarfi mai yawa kafin ta tura iska, kuma amfilifaya ce ke ba ta wannan ƙarfin. Akwai irin da ke zuwa a akwati da amfilifayarta a ciki, ita ba ta buƙatar wata daban. Taka ba irinta ba ce, ga shi kuma ba ta da akwati, shi ya sa take girgiza katako kawai. Ka kuma sani, yadda ka ɗora ta a kan wayar sifikar baya yana sa rediyon zafi, zai iya ƙone shi. Ka cire wayar nan da zarar Kawu ya gani.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba ka ma lura da shi ba: wata biyu Kawu yana ɗaukar tsohuwa zuwa asibiti babu safaya. Kai mai faci ne, ka fi ni sanin abin da hakan ke nufi. Da zarar ka nuna wa Kawu, ka mayar da tayar kafin komai.

Game da Kawu, yana da haƙƙin yin fushi. Ya yi zirga-zirga, an cire wa motarsa kayan da lafiyarsu ƙalau, kana kallo. Ta ɓangarenka, ba da mugunta ka yi ba, kuma ka damu tun kafin a kama ka. Amma kada ka sake ka gyara wannan a ɓoye. Ka same shi shi kaɗai kafin Asabar, ka buɗe but ɗin bayan motar, ka ɗaga katakon, ka bar shi ya gani da idonsa. Ka ba shi haƙuri ba tare da ko murmushi ba, ka saurari faɗan har ƙarshe. Maganar Kaka kuwa amana ce. Ka fara gaya mata gaskiya, cewa abin da take ji ba ruɗin tsufa ba ne, muryar mijinta ce sifika ke kaiwa jikinta, sannan ka nemi izininta ka sanar da ɗanta.

In Kawu ya yarda a bar wufar, ku kai wa mai aikin wayar mota, ya yi mata ƙaramin akwati don a bar wa safaya raminta, ya sa ƙaramar amfilifaya da fiyus kusa da batir. Ba rugugi ake nema ba, ƙarfi da yawa zai cutar da ragowar jin da take da shi. Ranar da za a saita, ka zaunar da Kaka a wurinta na baya, ka kunna hirar, ka riƙa murɗawa a hankali har sai ta ɗaga hannu. A nan za ka tsaya.

Allah ya jiƙan tsoho, ya sanyaya zuciyar Kawu, ya kuma bar maka tsokanarka, amma nesa da safayar mutane.