Na Zauna Na Riƙe Makaranta, Wanda Ya Gudu Ya Dawo Da Digiri

Zuwa ga Shugaban kwamitin da ke sakin malamai su tafi ƙaro karatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ina yi maka ban gajiya da hidimar jama'a. Allah ya taya riƙo.

Sunana Isiyaku. Ni ne hedimastan wata firamare a wani ƙauye da ke bayan Gurbin Bore, a ƙasar Zurmi. In na ce hedimasta, kada ka zaci wani ofis ne da kujera mai juyawa. Ni ne shugaba, ni ke koyar da lissafi da Turanci da duk abin da ya rage, ni ke kaɗa ƙararrawa. Abokin aikina ɗaya ne tak, wani dattijo mai koyar da Arabiyya, wanda idonsa ya soma rauni. Na biyo ta jarida ne domin sau uku ina zuwa ofishinka, kullum a ce mini kana taro.

Da farko zan ba ku haƙƙinku. Shirin da gwamnati ta kawo, cewa malami mai NCE ya tafi jami'a ya yi digiri albashinsa na tafiya, abin alheri ne. Ranar da na ji shi a rediyo, alwala na yi na yi nafila. Na nemi gurbi, na samu. Sau biyu jami'ar tana ɗage mini shiga, ta kuma ce babu na uku. Ƙarshen watan nan za a rufe rajista. In ya wuce ban je ba, gurbin ya tafi ke nan, ni kuwa na haura arba'in da biyar.

Abin da ya tsare ni layi ɗaya ne a fom ɗinku. Kun ce shugaban makaranta ya rubuta sunan malamin da zai riƙe ajin mai tafiya, ya sa hannu. Na san manufarku, kada a bar yara babu malami. To amma yallaɓai, bari in gaya maka wa wannan layi ya ba, wa kuma ya hana.

Mu bakwai ne malaman makarantar nan a da. Cikinmu akwai Sanusi, wanda rana ɗaya aka turo mu, mota ɗaya ta sauke mu, ɗaki ɗaya muka kwana a zauren mai gari shekara biyu. Da hanya ta lalace saboda 'yan bindiga, biyar suka nemi canji zuwa gari, wasu Kaura, wasu Shinkafi. Sanusi na cikinsu. Ban ga laifinsa ba, rai ba abin wasa ba ne. Ni ma na ɗaure kayana. Da safe mai gari ya zo da sandarsa ya tsaya a ƙofa, ya dubi kayan, ya ce, "Malam, in kai ma ka tahi, ɗiyan ga sai kiwo." Ya juya ya tafi. Na kwance kayana na mayar.

Makarantar da Sanusi ya koma a Kaura, malamai sun yi mata yawa. Aji ɗaya malami uku, saura suna ƙarƙashin darbejiya suna jiran a tashi. Da shirinku ya zo, wace wahalar samun mai riƙe masa aji zai sha? Har zaɓa aka yi masa. Da rukunin farko ya tafi. Yau duk biyar ɗin nan da suka bar mu, ko sun gama ko suna ciki. Ni da na zauna, babu mai yarda a rubuta sunansa ya zo daji ya canje ni. Na roƙi mutum huɗu. Ɗaya dariya ya yi, ya tambaye ni ko na ga ya gaji da duniya ne.

Na biyu, kuma wannan shi ne mai ciwon, zan faɗe shi ko da za a yi mini dariya. Ina ƙyashin Sanusi. Wallahi ina yi. Da ya gama, ya yi walima a Kaura, ya aiko mini musamman. Na sa babbar rigata na je. Na tarar an rataye hotonsa da rigar yaye ɗalibai da hular nan mai lebatu. Na rungume shi, na yi masa murna da bakina, amma shinkafar da aka zuba mini a nan na bar ta. Da na dawo gida, mai ɗakina ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Malam, hala ba ka ci komi ba can?" Na ce ciwon kai nake. Ta san ƙarya nake, ta ƙyale ni.

Ba na fatan abin ya kuɓuce masa, Allah shaida ne, kuma ina istigfari a kan abin da nake ji. Amma ni na koya wa Sanusi yadda ake tsara darasi a littafi. A kwaleji ni nake yi masa bitar lissafi kafin jarrabawa. Yanzu saboda digirinsa an naɗa shi mai duba makarantun yankinmu. Ƙauyen ma ba ya zuwa. Ni ake kira Zurmi, in hau babur in bi hanyar da shi ya ƙi bi, in kai masa littafina. Zuwan da na yi na ƙarshe, ya zare jan biro ya ja layi a ƙarƙashin wata jimla, ya ce cikin ladabi, "Yaya Isiyaku, yanzu ba haka ake yi ba, an canza tsari." Haba! To a ina zan koyo sabon tsarin? A gonar gero?

Na uku. Akwai hanyar da aka nuna mini, kuma ya kamata ka san da ita. Wani ma'aikaci da ya ga ina ta sintiri ya ja ni gefe don tausayi. Ya ce tunda ni ne hedimasta, ni ke sa hannu, in rubuta sunan kowane malami mana, wa zai shiga daji ya duba? Na ɗauki fom ɗin na koma, na yi kwana uku da shi a aljihu. Na cire murfin biro ya fi sau goma. Amma na san in na rubuta sunan da ba zai zo ba, dattijon nan kaɗai zan bari da yara, kuma kafin damina makarantar ta zama wurin ɗaure awaki. Akwai 'yan aji shida da nake shiryawa su shiga sakandare bana. Na kasa. Ba waliyyi ba ne ni, na ma ji haushin kaina da na kasa.

Kuna ta cewa kuna son 'ya'yan karkara su shiga jami'a su gama. Daga azuzuwa irin nawa za su fito, in akwai mai tsayawa a gabansu.

Ga roƙona. Ku ɗauke wa malamin ƙauye nauyin nemo mai canjinsa. Ba shi ke tura ma'aikata ba, hukuma ke turawa. Duk wanda kuka saka daga makarantar gari ya yi digiri, a sa masa sharaɗin ya zo ya riƙe ajin na ƙauye, shi ma ya samu ya tafi. In wannan ya yi nauyi, ku buɗe mana karatun lokacin hutu a Kaura, mu yi shi ba tare da mun bar yara ba. Ni kuma a karan kaina, ina roƙon a turo mini mutum ɗaya kafin ƙarshen watan nan. Ɗaya kawai, ranka ya daɗe.

Ba zan ɓoye maka ba, na riga na rubuta takardar neman canji zuwa gari. Ban miƙa ba tukuna. Mai gari bai sani ba, kuma ban san da wace fuska zan gaya masa ba. Ni ba na son in gudu. Amma na ga abin da gudu ya ba Sanusi, na kuma ga abin da zama ya ba ni, kuma ku kuka raba.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya kare ka da iyalinka, ya kawo mana zaman lafiya a ƙauyukanmu. Ni kuma ya wanke mini zuciyata daga abin da ke cikinta.

Wassalam, daga mai jiran amsarka kafin wata ya mutu,

Malam Isiyaku,
Hedimasta, yankin Gurbin Bore.