Hannun Daman Inna da Takardar da Muka Adana

Zuwa ga Babban Likitan asibitin da aka yi wa mahaifiyata aiki, a Garuwa.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ina yi maka barka da aiki. Sunana Sale, lebura ne a ginin madatsar Lagdo. Bokona aji biyu ne, a yi haƙuri da rubutun.

Na farko, godiya. Shekara shida sanyin gaɓɓai yana cin gwiwoyin hannun Inna, suka kumbura, suka lanƙwashe, ko ɗankwali sai an ɗaura mata. Ka buɗe gwiwar dama, ka kankare naman da ya kumbura, ka yanke kan ƙaramin ƙashin da ke goga. Zogin nan ya tafi, har yau bai dawo ba. Usoko, wato mun gode, in ji maƙwabtanmu Fulani.

Na biyu, kukana. Ranar sallama an miƙo mana takarda da Faransanci, ba wanda ya ce mana uffan. Inna ta ninke ta, ta adana a cikin kwalla kamar laya. Mu kuwa abin da muka gada, in an taɓa ƙashi ba a motsa shi. Kawuna maɗori ne, ya jera kara ya ɗaure hannun tamau, kwana arba'in. Ni na riƙe masa igiyar. Da aka kwance, hannu ya sandare.

Sai da muka komo aikin hannun hagu bayan damina, wata ma'aikaciyar jinya, Madam Marta, mutuniyar duwatsun Mokolo, ta karanta tsohuwar takardar ta riƙe baki. Ashe cewa aka yi a dawo bayan kwana goma a fara lanƙwasa hannu. Da Hausar kasuwa ta bayyana mana, ta kama hannuna ta nuna mini yadda ake yi. Hagun nan yanzu har tsefe kai yake yi.

To ranka ya daɗe, likita ɗaya, wuƙa ɗaya, ciwo ɗaya. Bambancin hannayen nan biyu magana ce ta baki. Hannun dama ba ya kai loma baki, tsohuwa kuma ta ƙi a gan ta tana ci da hagu. Sai ta juya baya ta fuskanci bango, ko a gidan suna ba ta taɓa kwano.

Roƙona biyu ne. A sa mai jin Hausa da Fillanci ya riƙa faɗa wa kowa abin da takardarsa ta ce kafin ya fita ƙofa. Sannan ka sake duba hannun daman Inna, ko da abin da za a iya. Ba ma gaggawa, mun iya jira. Kawu ma ya ce zai rako ta, ya ga yadda kuke yi.

Allah ya ƙara wa hannunka albarka, ya sa Inna ta juyo ta ci tuwo tare da mu.

Wassalam.
Sale, Garuwa.