Saƙonnin da Aka Tare a Biron Asibiti

Madawa, 3 ga Maris 1998

Zuwa ga ɗana Daniyel, a Keita,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya.

Babanka na kwance a asibitinmu, ciwon ƙirji ne, kuma kai yake tambaya. Na aika maka tun watan jiya, shiru.

Ka san ni ke buga saƙonnin imel a takarda a biro, wato ofishin asibitin. Layinmu ɗaya ne, yana yawan yankewa, don haka aka sa doka: saƙon da ba sunan mai aikowa, ba adireshin maida amsa, ordinatar, wato kwamfuta, ta tare shi. Albarka mai kula da ita ya ce irin waɗannan suna ta zuwa daga bironku. Ya so a buɗe, na hana. Ban koya maka shiga gida ba sallama ba. In kai ne, faɗa mini me kake ɓoyewa.

Mahaifiyarka,
Esther

Keita, 9 ga Maris

Mama,

Ina gaishe ki da ladabi. Yaya jikin Baba? Allah ya ba shi sauƙi.

Ni ne. Da damina na musulunta, aka raɗa mini Yasin, kuma sunan ne ke kan adireshina na biro. In na bar shi, a gaban ma'aikata za ki fara ganinsa. In na sa Daniyel, na yi miki ƙarya. Shi ya sa nake gogewa.

Ina so in ga Baba, amma ba zan tako ba sai kin ce in zo.

Ki huta lafiya,
Ɗanki

Madawa, 12 ga Maris

Zuwa ga ɗana,

Ina gaishe ka. Na karanta.

Ban yarda da abin da ka yi ba, kuma ba zan nuna kamar na yarda ba. Babanka bai sani ba. Ba ni zan ɗauke maka wannan ba, da bakinka za ka gaya masa.

Doka tana nan yadda take. Ka aiko da ranar zuwanka ta imel, da cikakken sunan da ke kan adireshinka. Ni zan buga shi da hannuna, ko wa ke tsaye a biron.

Likita ya ce kada ka wuce Lahadi.

Ubangiji ya kiyaye hanya.

Mahaifiyarka,
Esther